Kunya Ɗaya Ce Tsakaninsu

Ranar da ruwa ya janye daga fadamar ƙauyenmu, a ƙasar Sanyinna, mutane ba su tsaya kan gonakin da suka mutu ba. Mutuwar gona ba baƙon abu ba ce, kowa ya taɓa gani. Inda aka yi cincirindo shi ne bakin wata kunya guda, wadda faɗinta bai wuce a taka da ƙafa ɗaya ba. Gabas da ita gonar kawuna ce, ta kwanta ta yi baƙi tana warin ruɓa, in ka ja tushe sai ya biyo hannunka kamar jiƙaƙƙen zare. Yamma da ita gonar wani matashi ce, ɗan maƙwabcinsa, shinkafa tsaye shar, laka kawai ta ɗan ɓata mata gindi. Ƙasa ɗaya, kwari ɗaya, ruwa ɗaya ne ya yi kwana takwas a kansu.

Ni ina Sakkwato labari ya same ni. Da na iso bayan mako guda, na tarar kowace majalisa da nata hukuncin. A ƙofar masallaci ana cewa ƙaddara, wannan kuwa ba mai musu. A teburin mai shayi ana cewa an saki dam. Tsofaffi na cewa alhakin irin kakanni ne da aka yar. Akwai kuma wadda ba a faɗa da ƙarfi, sai an duba hagu da dama: wai yaron nan ya binne wani abu a kusurwar gonarsa, har an sha ganinsa da dare tsugune a wurin. Wannan ta ƙarshen ita ta fi damuna, don na san inda irinta ke kai zumunci. Kawu bai ce ya yarda da ita ba, amma na lura ya daina amsa gaisuwar yaron da sakin fuska.

Na fara da abin da ya fi sauƙi, wato iri.

"Kawu, ina ka sayi irin bana?"

"Kasuwa mana, ɗana. Ina kaka son in sai shi?"

Faro 44 ne, wanda ya mamaye fadamun Sakkwato da Kebbi, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashin noma a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba, 2015, masu injin casa suka buɗe baki suna neman doguwar farar ƙwaya. Gajeren iri ne, ba ya kai wata huɗu sosai yake nuna, kuma yana biyan taki. Zargin iri ba wauta ba ne, domin a kasuwa akan gauraya, akan kuma sayar wa mutum da shansherar ci a ce masa iri ce. Na ɗauka zan gano cewa yaron ya samo nasa daga wani wuri mai kyau, shi ke nan magana ta ƙare. Da na same shi yana cire ciyawa na tambaye shi, sai ya yi murmushi irin na wanda ba ya son faɗa.

"Yaya, ai Baba ne ya auna mini kwano shida daga buhunsa. Bashi ne, sai kaka in biya."

Na koma wurin Kawu. Ya ce, "Awo, ni nib ba shi." A nan na gane abin da ke cin ransa. Buhu ɗaya ne, hannunsa ne ya ɗebo, ga irin ya rayu a gonar wani ya mutu a tasa. Iri ya fita daga zargi, amma fitar tasa sai ta ƙara wa masu maganar asiri ƙarfi.

Sai dam. Wanda bai san tarihin wannan yanki ba zai ce mutane na neman wanda za su ɗora wa laifi ne kawai, alhali ruwa ba ya tsami banza. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a 1978, aka gama ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Wani masani daga Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori a farkon shekarun 1980, ya tarar ambaliyar da manoma ke jira kowace shekara ta ragu, har fadamun shinkafa da yawa sun koma gero da dawa. A watan Satumba na 2010 kuwa akasin haka aka gani: ruwan Rima ya cinye garuruwa daga Goronyo zuwa ƙasa, ya yanke gadar da ke kai mutum Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 tafkin Goronyon nan dai ya ƙafe har ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma. Mutumin da ya ga duk wannan da idonsa, in ya ce an saki dam, da hujjarsa.

Sai dai na tambayi lokacin da ruwan ya shigo, kowa ya ba ni amsa ɗaya. Hadari ya haɗo bayan magariba, aka tsuge bayan isha'i, ba a ɗauke ba sai kusan asalatu, gari na wayewa fadama ta zama tafki. Ruwan Goronyo ba ya yin haka. Kafin ya ratsa Wurno da Sakkwato da Silame sai ya yi kwanaki, kuma labarinsa kan riga shi isowa. Na sake tambayar launinsa. Ja ne, in ji su, ja wur kamar kunun kanwa. Daga nan na sauka fadamar da kaina, na je gindin wata giginya da ke tsakiyar kwarin. Ruwa ya bar mata zane a jiki, ɗan sama da gwiwata. Karare da yayi da tsofaffin ledoji sun maƙale a jikinta, duka a gefen da ke kallon tudu. Ruwan da ya hauro daga gulbi ta ɗaya gefen zai tara shararsa. Wannan daga bayan gari ya gangaro, jar ƙasar da ya ɗauko kuwa ta tudunmu ce. In gulbi na da hannu, bai wuce na cewa a cike yake a lokacin ba, ruwan kwari bai sami mafita da wuri ba.

Akwai ma shaida daga kudu. Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa Gummi da ƙasar Kebbe ya wuce Jega, ba Bakolori a kansa, ba Goronyo. Duk da haka a watan Agusta na 2024 ruwa ya ci Gummi, ya raba dubban mutane da gidajensu. Can ba ƙofar da wani ya buɗe.

Saura maganar tsofaffi, kuma ita na fi so ta zama gaskiya, don ina da rauni a kan jar shinkafa. Da ita aka yi mana tuwo muna yara, mai ƙamshi, mai riƙe ciki, wadda in ka ci da safe sai la'asar ka tuna da yunwa. Ba daga Asiya ta zo ba kamar farar da muke ci yau. Tamu ce ta Afirka, manoman fadamun Kogin Neja a ƙasar Mali ta yanzu suka hore ta kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Wasu nau'o'inta na tashi tare da ruwa: yana ƙaruwa, karanta na ƙara tsawo, har ta zarce tsayin mutum, a yanke ta cikin jirgi. Masana a Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan sun bayyana sirrin wannan dabara a 2009, cikin irin shinkafar Asiya mai hali ɗaya da tamu. In ruwa ya rufe kara, wata iska da tsiron ke fitarwa, etilin, ba ta samun hanyar fita, sai ta taru a ciki, taruwar tata ta tada wasu ƙwayoyin gado guda biyu su umarci gaɓoɓin karan su miƙe. A mafi kyawun hali tana iya ƙara santimita 20 ko fiye a yini guda. Don haka da tsofaffi suka ce irin dauri ba ya nutsewa, ba tatsuniya suke yi ba.

Mutum ɗaya ya rage a ƙauyen da ke yafa ta, wani dattijo abokin Kawu, a can wuri mafi zurfi. Na lura duk lokacin da ake wannan magana a majalisa shi ba ya tanka, sai jan carbi. Na roƙe shi ya kai ni gonarsa. Ya yi jim, ya ɗauki sandarsa muka tafi. Tasa ma ta mutu, ƙurmus, ba ko tushe ɗaya.

"Baba, ashe ita ma?"

"Ita ma, ɗana. Ba ni son in ɓata musu zance na." Ya soka sanda cikin laka. "Wagga shinkafa tana tahiya da ruwa, amma sai ruwa mai tahiya, ba mai gudu ba. Dauri ruwa na shigowa kamar baƙo mai sallama, yau yatsa biyu, gobe yatsa uku. Wanga ko cikin dare guda yak kai gwiwa. Sannan kuma jinjiri ba ya iyo."

Na tambaye shi me yake nufi da jinjiri. Ya ce ai ko irin dauri ba ya fara miƙewa sai ya yi ƙwari, sai kara ya yi gaɓa. Haka kuwa masana suka tabbatar, irin nan na bukatar kamar wata ɗaya zuwa mako shida kafin ya iya tsere da ruwa. In ruwa ya riske shi kafin nan, shi da Faro duk ɗaya ne. Tasa kuwa ba ta fi mako uku ba ruwa ya zo, domin shukar farko ta ƙone, wannan ta biyu ce.

Shukar farko ta ƙone. Mako guda ina yawo cikin ƙauyen ba wanda ya faɗa mini wannan, ba don ɓoyewa ba, sai don kowa ya ɗauka ba abin faɗa ba ne, tunda ya sami kowa. Ni ma tambayata ce ta karkace tun farko. Ina ta tambayar me aka shuka, daga ina ruwa ya zo, ban tambayi yaushe ba.

Kawu ba ya lissafin damina da Yuni ko Yuli. Da taurari yake yi, kamar yadda malamai da manoman ƙasar Hausa suka gada: tauraro 28 a shekara, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai 14. Bakwai ne na damina, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, ta farkon kan kama wajen ƙarshen watan Mayu. Wannan lissafi ya yi mini rana, don da na ce ya ba ni kwanan wata da sai ya ce bai riƙe ba, amma tauraro ba ya kuskure masa. Muka zauna bayan la'asar, na share ƙasa, na ɗauki tsinke.

Kwana biyar da kamawar Haƙ'a aka yi ruwa mai ƙarfi, har kwari ya ɗauka. Kowa ya fita, Kawu ya yafa rabin buhunsa, a ranar ce kuma ya auna wa yaron kwano shidan nan. Iri ya tsiro gwanin sha'awa. Daga nan sama ta rufe. Han'a ta shiga ta fita ba ɗigo, rabin Zira'a ya bi ta, rana ta gasa tsiron har ya zama kamar gashin masara. Da ruwa ya dawo Kawu bai yi gaggawa ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, ga shi abin da ya rage cikin buhun shi ne na ƙarshe. Ya jira ƙasa ta sha ta ƙoshi, sai kwana uku da kamawar Nasara ya sake yafawa. Ruwan da ya yi ɓarna ya sauka daren ƙarshe na Ɗarfa. Na ƙirga zane a ƙasa: goma na Nasara, goma sha uku na Ɗarfa. Shinkafar Kawu kwananta 23 a duniya, tsayinta bai fi taƙi ɗaya ba.

Na tashi na sami yaron, wannan karon na ce ya nuna mini kusurwar da ake magana. Ya kai ni, ya janye wani tsohon buhu da ya danne da dutse. Lalle ya binne abu a wurin: bututun roba ne, bakin 'yar rijiyar da ya haƙa don noman rani, irin waɗanda suka yaɗu a fadamunmu tun shirin Fadama na farko da aka fara da kuɗin Bankin Duniya a 1993. Kwano shidan nan bai yafa su a gona ba. Ya gyara ɗan fili kusa da bututun, bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, ya zuba irin a nan don reno, kamar yadda ya saba yi da rani. Da sama ta rufe sai ya riƙa tada injinsa yana ba su ruwa, da dare, don rana ba ta shanye rabi, mai kuma ya yi tsada. Tsugunon da aka gani ke nan. Da ruwa ya dawo cikin Zira'a ya cire ya yi dashe. Daren da fadama ta cika, tasa shinkafar kwananta 60, ta yi 'ya'ya, ta kai cinya.

Na tuna zanen jikin giginya, ɗan sama da gwiwa. Ruwan ya rufe ta Kawu ruf, ya bar wa ta yaron kan ganye a waje. Shinkafa kuwa ta ganye take shaƙar iska ta aika har saiwa, muddin bakin ganye na sama tana iya jure tsayuwa cikin ruwa kwana da kwanaki. Wadda ta nutse gaba ɗaya mako guda ya isa ya kashe ta, in ruwan mai laka ne ma bai kai haka ba, don haske ba ya ratsa shi, lakar kuma na liƙe ganye. Tsakanin gonar da ta mutu da wadda ta rayu ba laya, ba iri, ba dam. Kwana 37 ne.

Da zan iya tsayawa nan, amma wata tambaya ta hana ni. Kawu ya fi shekara hamsin yana noman wannan kwari, ba yaro ba ne da za a koya wa lokacin shuka. Ta yaya lissafin da ya ciyar da shi duk tsawon nan ya juya masa baya? Da na tambaye shi yadda abin yake a ƙuruciyarsa sai ya ce a Han'a ake yafawa, ruwa kuma ba ya fara taruwa a kwarin sai Jabha, ya cika a hankali cikin Harsan. Tauraro huɗu ke nan a tsakani, kwana hamsin da wani abu. Duk noman shinkafar fadama a kan wannan tazara ya dogara, ko da ba a taɓa ba ta suna ba: a shuka da ruwan sama, tsiro ya yi ƙwari, sannan ruwan kwari ya zo ya tarar da shi a tsaye. A wannan damina tazarar ta matse ta gefe biyu. Shuka ta ja baya da tauraro biyu, ruwa ya matso gaba, ya kuma zo a dunƙule.

A nan ne abin da ake kira sauyin yanayi ya shigo, kuma ba ta ƙofar da aka saba nuna mana ba. Yawancinmu in an ambace shi fari muke tunawa, na 1973 da na 1984, da hamada mai matsowa. Amma ma'aunan ruwan sama na yankin Sahel sun nuna cewa tun shekarun 1990 jimillar ruwan shekara ta farfaɗo daga wancan fari. Abin da bai dawo yadda yake ba shi ne yawan ranakun da ake ruwan. Kusan ruwa ɗaya ne, cikin ranaku kaɗan. Uwar gida da ke da tiya talatin na wata, in ta dafa ɗaya kullum gida ya ƙoshi, in ta dafa goma yau ta rufe tukunya sai bayan mako biyu, an ci tiya talatin a lissafi, amma yara sun kwana da yunwa, tuwo kuma ya lalace. A 2017 wani masani mai suna Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Nature, bayan sun bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35. Sun tarar manyan hadurran Sahel, irin masu zubar da ruwan mako biyu a dare ɗaya, sun ninka sau uku tun 1982. Dalilin da suka gano shi ne Sahara na ƙara zafi da sauri fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, wannan bambanci na ƙarfafa iskokin da ke haɗa hadari su ɗaure shi ya yi girma. Ga kuma ƙa'idar da ba ta canzawa: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari, abin da ta ɗauka kuwa wata rana sai ta sauke.

Tsayawar ruwa bayan shuka ba yau aka fara ta ba, kakanninmu sun san ta, shi ya sa suke da sallar roƙon ruwa. Ruwan dare ɗaya mai cika kwari shi ma an taɓa yi. Haɗuwarsu a damina ɗaya, a kai a kai, ita ce sabuwa. Abin da ya sami Kawu a 'yar gonarsa shi ya sami jihar Kebbi da faɗi a 2020, lokacin da aka ba da rahoton ruwa ya cinye kimanin hekta 450,000 na shinkafa.

Sai dai ban yarda a ɗora wa sama komai ba, kuma jan launin ruwan nan ne ya hana ni. Washegari na bi ƙoramar da ta kawo shi, na haura tudu. Inda muke kiwon awaki muna yara, cikin sabara da geza da kalgo, yanzu fako ne fetal, ƙasa ta daskare kamar daɓe, sai kututture nan da can. Daji soso ne, yana shan ruwa ya riƙa sakinsa a hankali. Fako kuwa kwanon rufi ne. Masu nazarin koguna sun daɗe da lura da wani abin mamaki a Burkina Faso da Nijar: a shekarun fari, ruwan sama ya ragu amma ruwan da ke gangarawa cikin koguna ya ƙaru, saboda ƙasa ta tsiraita ta daina sha. A Yamai har suna aka ba abin, jan ruwa, wanda rafuka irin su Sirba ke turowa cikin Kogin Neja da damina, kuma a Satumban 2020 ya kai matsayin da ba a taɓa aunawa ba. Ƙoramar tamu ma yashi ya cike ta, wurin da dā sai an sauka da taka-tsantsan yanzu yaro na tsallakawa. Ruwa ya ƙaru, hanyarsa ta ƙanƙance. Jami'i kan so kalmar sauyin yanayi don ba ta da ofishin da za a kai ƙara, manomi kan so kalmar dam don tana da ƙofa da mai gadi. Gatarin da ya share tudun nan ba wanda ke son ambatonsa, don a ɗakin kowa akwai irinsa, kuma wanda ya sara ba mugunta ta sa shi ba, tuwo za a dafa.

Kada kuma a ɗauka dabarar yaron kyauta ce. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka ya sake ninkawa, dashe kuma na cin 'yan ƙwadago fiye da yafi nesa ba kusa ba. Masu cewa a bar damina a koma rani kawai su ma akwai tarko a gabansu, don in shinkafa ta yi fure cikin zafin da ya haura digiri 35, irin na Afrilu, zangarniya kan fito da ƙaiƙayi ba ƙwaya. Akwai wata hanyar. A 2017 an fitar da Faro 66 da Faro 67 a Nijeriya, aikin cibiyar AfricaRice da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi, ɗauke da wata ƙwayar gado da aka samo daga tsohon irin manoman Odisha a Indiya. Ita dabararta kishiyar ta jar shinkafa ce: in ruwa ya rufe ta ba ta tsere da shi, sai ta lafe ta riƙe numfashi, ta adana ƙarfinta har kusan mako biyu, ruwa na janyewa ta ci gaba. Kwana takwas ɗin da suka kashe gonar Kawu suna cikin abin da take iya jurewa. Da na ba shi labari ya ce bai taɓa jin sunanta ba.

Daren da zan koma na sake share ƙasa a gabansa, na ja layi biyu, ɗaya mai zane 23, ɗaya mai 60, na faɗa masa abin da na gani ƙarƙashin buhun nan. Ya daɗe yana kallon zanen. Sannan ya ce, "Bututu?" Na ce bututu. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Allah shi yahe muna." Da asuba na ji shi a ƙofar gida yana amsa gaisuwar yaron, har yana tambayarsa nawa ake haƙa irin wannan rijiya.

Da damina ta zagayo, saƙon murya ya shigo mini ta wayar jikansa, iska na kaɗawa cikin maganar.

"Ɗana, kana lahiya? Haƙ'a ta kama, an yi ruwa shekaranjiya har kwari yaɗ ɗauka. Mutane sun hita, ni ban yafa ba. Irina na nan bakin bututun yaro, yau kwana tara, ya yi kore. Lita biyu nis saya, shi yas sa ɗaya. In za ka taho, ka biɗo man irin nan da kac ce shina riƙe numfashi, ko kwano guda na, in gwada shi can ƙasa wajen giginya."